Garmaho da Hannunsa: Makomar Fayafayan Waƙoƙin Hausa a Karkarar Arewacin Kano



Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta wajen arewa, watau daga Ungogo da Minjibir har zuwa Ɗambatta da Bichi, tana cikin yankin da masana labarin ƙasa suka daɗe suna nazari saboda yawan jama'arsa da cunkoson gonakinsa. Mortimore da Wilson sun wallafa bincikensu a kan wannan yanki cikin 1965, inda suka nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna ciyar da ita da taki. Tun daga 1912, bayan isowar jirgin ƙasa Kano, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin waɗannan manoma, kuma da kuɗin kaka ne kayan zamani suka riƙa shiga ƙauyuka: keke, fitilar ƙwai, agogo, sa'an nan garmaho. Wannan lacca ta shafi garmaho ne da fayafayansa, musamman yadda ake ƙera shi da yadda ake zaɓen hannunsa, domin a kan wannan zaɓe ne ragowar muryoyin mawaƙan Hausa na da za su rayu ko su salwanta.

Emile Berliner ne ya ƙirƙiro garmaho mai faifai a Amurka cikin 1887, shekara goma bayan Edison ya fito da nasa injin mai ɗaukar magana. Tsofaffin fayafayai ana yin su ne da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, suna juyawa kamar sau 78 a minti ɗaya, kuma suna fashewa kamar tangaran. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, don sayarwa a nan. Cikin 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, shekara ɗaya bayan haka RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. A kan irin waɗannan ne kamfanoni kamar EMI suka buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin adabi. Tsohon faifai mai faɗin inci goma ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska, alhali kuwa makaɗin Hausa yana iya shafe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya a dandali, yana ƙari yana ragi gwargwadon waɗanda ke zaune da abin da suka miƙa. Saboda haka waƙar da ke kan faifai taƙaitacciya ce, wadda inji ya yanka wa mawaƙi ƙa'ida. Wanda ya rubuta matanin waƙa daga faifai, sa'an nan ya yanke hukunci a kan tsarin ɗiyanta ba tare da sanin wannan ba, ya auna rijiya ne da tsawon gugansa.

To, yaya faifai ke magana? A fuskarsa akwai kwari guda ɗaya siriri, wanda ya naɗe daga baki har tsakiya, kamar kwarin kunya a gona, sai dai gefunansa suna da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe. Allura na bin wannan kwari tana karkarwa, karkarwar nan ita ce sautin. Aikin garmaho duka bai wuce abu biyu ba: farantin da faifai ke kai ya juya daidai ba gaggawa ba nawa, hannu kuma ya riƙe allura cikin kwarin ba tare da ya danne ta ko ya sake ta ba.

Garmahon da ya fara shiga karkara shi ne na akwati, wanda ake yi wa wani da hannu. Allurarsa ta ƙarfe ce, kansa kuma yana danna faifai da nauyin da ya kai giram ɗari ko fiye. Ƙa'ida ita ce a sake allura bayan kowace fuska, amma allura sai an je birni, don haka sai a yi ta amfani da guda har ta dakushe, ta koma tana huɗar faifan. Da fayafayan roba suka zo tare da ƙananan garmaho masu batir, sai wata al'ada ta biyo: in allura ta yi tsalle, sai a ɗora mata kwabo a ka. Waƙa dai ta ci gaba, amma kowane juyi yana kankare wani abu daga muryar mawaƙin. Garmaho mai kyau na zamani, mai allurar lu'ulu'u, nauyin da yake saukewa bai wuce giram biyu ba.

Masu sha'awar faifai a Turai da Amurka da Japan sun yi shekaru suna gardama a kan hanyar juya faranti. Akwai wadda wata 'yar tayar roba ke tura farantin, irin ta Garrard 301 na Ingila. Tana da ƙarfi, amma takan shigar da gurnanin inji cikin sauti. Akwai mai bel, irin ta Linn Sondek LP12 na Sikotland, wanda ya fito a farkon shekarun 1970. Bel ɗin yana raba inji da faranti, sautin ya fita tas. Sa'an nan akwai wadda farantin ke zaune a kan injin kai tsaye, wadda Technics na Japan ya fito da ita cikin 1970 da sunan SP-10, ya bi da SL-1200 cikin 1972. A can yawancin masu kunnen ƙwarai sun daɗe suna fifita mai bel. Amma hukuncin da ya dace da ɗakin Bature bai zama lalle ya dace da Kunci ko Makoɗa ba. Da yawa daga masu bel saurin injinsu ya dogara ne ga bugun wutar lantarki, wanda ya kamata ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa. In janareto ne ke ba da wutar, bugun yakan hau ya sauka, muryar mawaƙi ta bi shi. Ga mai nazarin karin Hausa, wanda hawa da saukar murya ke bambanta masa ma'anar kalma, wannan ba ƙaramar illa ba ce. Bel kuma roba ne, zafin bazara yana sa shi ya saki. Garmaho mai juyi kai tsaye, wanda ke daidaita saurinsa da kansa, shi ya fi dacewa da ƙasar nan.

Batun hannu ya fi wannan sarƙaƙiya. Lokacin da ake yanka faifai a masana'anta, wuƙar tana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Hannun garmaho kuwa a kafe yake a gefe guda, yana shatar baka. Saboda haka allura ba ta zama daidai da kwarin sai a wurare biyu kawai a duk faɗin faifan, kamar yadda Löfgren ya lissafta cikin 1938, Baerwald kuma cikin 1941. Wannan ne ya sa ake karkata kan hannun, wasu ma su lanƙwasa shi. Hannu mai inci goma sha biyu ya fi mai inci tara rage wannan kuskure, sai dai ya fi nauyi. Nauyin hannu kuma dole ya dace da taushin maƙalin allura, yadda rawar da suke yi tare za ta faɗa tsakanin 8 da 12 cikin daƙiƙa. In ta yi ƙasa da haka, kantararren faifai zai riƙa jefar da allura. Fayafayan da suka yi shekara hamsin a ƙarƙashin rufin kwano kuwa, kaɗan ne ba su kantare ba.

Kamfanin Rega ya fito da hannu mai ƙira ɗaya ba haɗi cikin 1983, watau RB300, kuma masana sun yaba shi don ba ya girgiza. Amma ga ma'aikacin da aka ɗora wa adana kayan tarihi, hannu mai kan da ake cirewa, irin SME 3009 na 1959, shi ya fi amfani. Dalili kuwa shi ne kwarin tsohon faifai mai juyi 78 ya fi na faifan roba faɗi sosai, har allurarsa takan kai ninki huɗu a kauri. In aka sa masa siririyar allura, sai ta nutse ƙasan kwarin ta riƙa kwasar datti, mai sauraro ya ce faifan ya mutu, alhali allurar ce ba tasa ba. Haka kuma ba dukan tsofaffin fayafayai ne aka yanka a 78 cif ba, don haka ana bukatar garmahon da za a iya ƙara masa sauri ko a rage.

Kaset, wanda Philips ya fito da shi cikin 1963, shi ya kori faifai daga kasuwannin Arewa, domin ya fi arha, ba ya fashewa, kuma kowa na iya kwafa. Aka tura fayafayai cikin adaka da saman rumbu, gara ta cinye bangonsu, tare da sunan makaɗi da lambar kamfani. A Amurka kuwa, cikin 2022 fayafayan roba sun fi fayafayan CD yawan sayuwa, karo na farko tun 1987, kuma masu tara fayafayai daga ƙasashen waje sun daɗe suna bin kasuwannin Afirka ta Yamma suna saye.

Malamin makaranta ko ma'aikacin gona da aiki ya kai shi ƙauye, ya tarar da irin waɗannan fayafayai a gidan wani tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, kada ya nemi a juya masa su a garmahon gidan don ya ji. Ya fara rubuta duk abin da ke jikin takardar tsakiya. Ya jera su a tsaye, kada a kwance, nesa da rana. Ƙurar hunturu a share ta da tattausan ƙyalle ana bin kwarin, kuma kada a kusantar da sifirit ga faifan ƙaro, domin narkar da shi yake yi. Juyin farko da za a yi masa, a yi shi ne a kan garmahon da aka auna nauyin hannunsa, na'urar ɗaukar sauti kuma tana kunne.