Fiyus Ya Ƙone? Kada Ka Bari A Ɗaura Masa Waya

 Yau gareji za mu shiga, domin da yawanmu ko muna tuƙa motar gida, ko muna kabu-kabu da ta wani, ko kullum muna cikin ta haya. Maganar ita ce abin da masu rewaya ke kira shot, wato wuta ta bar hanyarta ta bi gajeriya.

Bari in fara da yadda abin yake. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Wuta tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi waya, ta shiga fitila ko hon ko rediyo, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar, saboda ɗaya kan batirin mai alamar − a jikin ƙarfen aka ɗaure shi. To idan robar waya ta goge, tagullar ciki ta taɓa ƙarfe, wutar ba za ta tsaya zuwa fitila ba. Kwan fitilar gaba mai wat 55 bai kai amfiya 5 yake ja ba, amma batir zai iya turo ɗaruruwan amfiya ta wannan gajeriyar hanya. Waya ta yi ja, roba ta narke, ga fetur a kusa.

Abin da ke tsakaninka da gobara shi ne fiyus. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya tsinke kafin waya ta ɗauki zafi. Launinsa ma magana ne: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Saboda haka duk wanda ya cire maka ja ya sa kore, ko ya naɗe fiyus da waya ko takardar kwalin sigari, ya ce maka "shi ke nan, ba zai sake ƙonewa ba", gaskiya ya faɗa. Fiyus ɗin ba zai ƙone ba, wayoyin motar ne za su ƙone.

To ya ake gano inda matsalar take? Na farko, buɗe akwatin fiyus, ka duba zanen da ke murfinsa, ka ga layin me ya mutu. Sa sabo mai lamba iri ɗaya. Idan ya sake ƙonewa nan take, tsaya haka nan, kada ka ƙarar da kuɗinka.

Na biyu, dabarar da ƙwararru ke yi: a cire fiyus ɗin, a jona ɗan kwan fitila mai bolt 12 a ramukansa biyu, a murɗa makulli. Idan akwai shot, kwan zai kama da haske sosai, kuma shi zai tare wutar, waya ba za ta ƙone ba. Sai a riƙa cire soket ɗin kayan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire hasken ya mutu ko ya dushe, nan ɓarnar take. In an cire duka haske bai mutu ba, to laifin waya ne. Sai a bi ta ana girgizawa a hankali ana kallon kwan.

Wuraren da aka fi samun abin sanannu ne: robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofa, maƙalar murfin but, ƙarƙashin kujera, kusa da salansa inda zafi yake, da inda ɓera ya ci. Da damina ruwa ma yana shiga soket. Sai kuma namu na matasa: sifika, fitilu masu launi, cajar waya, duk an jona kai tsaye daga batir babu fiyus. Tambayi kanka, me aka sa wa motar nan kwanan nan? Sau da yawa amsar tana nan.

Wajen gyara, a fara cire kan batir mai alamar −. A yanke inda ya lalace, a sa waya mai kauri iri ɗaya, a yi mata dalma, a rufe da kyau, a ɗaure ta nesa da kaifin ƙarfe. Murɗa waya da hannu a liƙa salatif ba gyara ba ne. Wayoyi masu soket rawaya kuma na jakar iskar kariya ne, kada a taɓa su da kwan gwaji.

Ba na cewa kowa ya zama mai rewaya. Amma in ka kai mota, ka yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Maigida, a ina ka samu shot ɗin?" Wanda ya san aikinsa zai nuna maka wayar da ta goge. In ba abin da zai nuna, ba a yi gyara ba tukuna. Kuma in za ka sayi fiyus a Ƙofar Ruwa ko Panteka, sayi ragowa ka ajiye a mota.

Ku tura wa direban da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kiyaye hanya.