Yaron da Ya Zo Mana da Karatunsa



Tun da matsalar tsaro ta riƙa katse karatu a ƙauyukan Danko-Wasagu, muna karɓar wasu yara a aji ɗaya nan Bena waɗanda ba su taɓa zama gaban malamin boko ba, amma sun iya haɗa baƙi. Wani a allunan shaguna na kasuwa ya tsinci haruffa, wani a wayar yayansa, wata kuma a jikin kwalin Maggi. Idonsu ya yi nisa, hannunsu na baya.

Mu dubi hannun. Allon shago da kwali galibi da manyan baƙaƙe ake rubuta su, don haka yaro zai karanta BENA, a rubuta masa "bena" ya tsaya yana kallo. Wanda ya fara da makarantar allo ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, kuma daidai ne a can. A boko sai ya juya b ta koma d. Sannan ga ƙ, ɗ da ɓ, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a saƙon waya ba. Yaron da bai san lanƙwasa ba, baki da baƙi ɗaya ne a wurinsa, haka daka da ɗaka. Idan kuwa Dakarci ko Fillanci ake yi a gidansu, sai kunne ya fara rarrabe sautin kafin hannu ya zana shi.

Bulala ba ta gyara wannan. Sa shi maimaita "a, b, c" zango guda tare da masu farawa ma ba ya gyarawa; gundura ce ke biyo baya, daga nan sai fashi, daga fashi sai gona ko talla. A makon farko mu zauna da shi minti biyar mu ji inda karatunsa ya kai. Mu ba shi abin karantawa daidai ƙarfinsa, rubutu kuwa a koma tushe: yatsa a kan rairayi, sannan alli, sannan fensir, ana nuna masa inda kowane harafi yake farawa da inda yake sauka. Bahago a bar shi da hagunsa, a gyara masa zaman takarda kawai.

Iyaye da ke nan, ko gawayi da bango sun isa aikin gida.

Roƙonmu ga reshe shi ne ya kai wa Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma buƙatar littattafan rubutu masu layin ja da shuɗi ga 'yan aji ɗaya da biyu, kafin a shiga zango na gaba.