Jawabi Ga Hakimai A Kan Baƙin Man Tarakta

Hakiman Yauri, Ngaski da Shanga, da ku Malamai.

In tarakta ta lalace da faɗuwar damina, gonakin shinkafa na bakin tafkin Kainji sai su rasa huɗa. Sau da yawa baƙin mai ne sanadi, gama mai marar kyau yakan tsinke da zafi, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Saboda haka ku umurci direbobi su sayi man injin dizal mai lamba 15W-40 cikin galan rufaffe, kada su karɓi na awo a kwalba. A duba geji kowace safiya. A juye mai, a sake filta bayan awa 250 na aiki, ko yadda littafin injin ya faɗa. Malamai su riƙa rubuta awoyin, don kada a manta.