Yadda Aka Yi wa Unix Ƙaura a Shekarar 1977



Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta da irin harshen da take ji, kuma ba ta jin na wata. Saboda haka in muna son uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, ta koma kan wata ƙirar ƙwaƙwalwa, sai mun nemi tafinta: manhajar da za ta zauna a kan tsohuwar na'ura, amma ta riƙa fitar da umarni cikin harshen sabuwar.

Bari mu ɗauki misalin Jami'ar Wollongong ta ƙasar Ostireliya. A lokacin Unix a kan PDP-11 take aiki, alhali kuwa na'urar da jami'ar ta mallaka Interdata 7/32 ce. Richard Miller ya ɗauki aikin a 1976. Da yake ba su da PDP-11, sai da ya yi ta zuwa Jami'ar New South Wales a birnin Sidni, tafiyar wajen kilomita 80, don ya gyara tafintan harshen C a can. A 1977 Unix ta tashi a kan Interdata.

To, jama'a, wahalar aikin tana wajen neman kuskure. In na'ura ta yi shiru, wa za mu tuhuma? Tafintan ne ya yi ɓaranɓarama, ko uwar manhajar, ko kuwa ƙarfen kansa? Ga shi wadda za ta ba mu labari ita ce ta suma. Dabarar Miller ita ce ya fara tafiyar da Unix a matsayin baƙuwa cikin manhajar Interdata ta asali, sai da ta yi ƙwari ya bar ta ta tsaya da ƙafarta.

Galibin kurakuran kuwa daga sabo suke fitowa. PDP-11 tana aiki da bit 16, Interdata da 32, kuma ba su jera bayit iri ɗaya ba. Marubutan farko sun ɗauki ɗabi'ar na'urarsu tamkar dokar duniya, ba tare da sun lura ba. Masana har suna suka sa wa matsalar jerin bayit, NUXI, don haka kalmar UNIX ke fitowa in bayit suka yi musanyar wuri bibbiyu.

Mu a yau mun sami sauƙi. QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fitar a 2003, tana kwaikwayon ƙwaƙwalwar ARM ko RISC-V a cikin kwamfutarmu, mu haɗa ta da GDB, mu tsai da uwar manhajar a duk layin da muka ga dama, mu leƙa cikinta. Sai dai kwaikwayo ba ya nuna duk halin ƙarfe, kuma sau da yawa abin da ya tashi lafiya a QEMU yakan ƙi motsi ran da aka ɗora shi a kan na'urar gaske.