Takatsantsan a Kafofin Sada Zumunta: Darasi Daga Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara



Maganar da zan yi a kai yau ita ce yadda mutum zai ja baya kaɗan daga kafofin sada zumunta, watau irin su Facebook, WhatsApp da TikTok, ya kuma riƙa auna abin da zai watsa kafin ya watsa shi. Zan kafa hujjata da abin da ya faru a kudancin Jihar Katsina, domin can ne aka ɗanɗana amfanin waya da illarta a lokaci guda.

A watan Satumba na 1921 ba wanda ya san wayar hannu a ƙasar nan, amma shekara ɗari daidai bayan haka, a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, sai rayuwa ta tsaya cik. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara duk suna ciki. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauki wannan mataki ne don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai a watan Disamba aka fara mayar da layukan.

Wannan shiru na dole ya koya mana abu biyu. Na farko, waya ba abin wasa ba ce. Ɗan kasuwa ya kasa aika kuɗi, mai mara lafiya ya kasa kiran mota, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji. Saboda haka ba ina kira a jefar da waya ba ne. Na biyu kuwa, tunda har hukuma ta ga ya kamata ta toshe hanyar gaba ɗaya, ashe labari makami ne, kuma yana iya faɗawa hannun kowa.

Mu ɗauki manomi a Sabuwa wanda ya sayar da masararsa, ɗansa ya ɗauki hoton buhuna ya sa a Facebook don murna. Ko matafiyin da ya sanar cewa gobe da asuba zai kama hanyar Funtuwa. Ko saurayin da ya ga motocin soja sun wuce ya sanar a zauren WhatsApp. Ba ɗayansu da ya yi nufin sharri, amma kowannensu ya ba da abin da ɗan leƙen asiri zai sha wuya kafin ya samu. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya; yau yatsa ya karɓi aikin baki.

Har wa yau akwai batun jita-jita. Ran 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su ran 17 ga watan. A irin waɗannan kwanaki, duk wanda ya tura labarin da bai tabbatar ba, zuciyar wata uwa yake taɓawa. Abin yakan wuce nan ma. Binciken BBC na 2018 ya nuna cewa a rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, ɗaya daga ciki kuwa a Kwango aka ɗauke shi tun 2012. Bayan yaɗuwarsu aka tare hanya aka kashe mutane.

Me ya sa muke saurin turawa? Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, ribarsu kuwa tana ƙaruwa gwargwadon lokacin da muka ɓata muna kallo. Don haka abin da ya fi tada fushi ko tsoro shi ake fi nuna mana. Kamfanin WhatsApp da kansa ya gane haka, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda.

To, ina mafita? Kafin ka tura abu, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, kuma wa zai cutu? Labarin tafiya a ba da shi bayan an dawo. Labarin hari a kai shi ga jami'an tsaro da masu unguwa, ba zauren mutum ɗari biyu ba. Hoton gawa ko na wanda aka sace a bar shi, don mutuncin iyalinsa. Ma'aikaci ya tuna takardar ofis amana ce. Ɗalibi kuma ya keɓe wa waya sa'o'inta, ya fice daga zaurukan da ba su ƙara shi da kome, ya mayar da lokacin ga karatu da zumunci na ƙafa.

Jama'a, magana zarar bunu ce. Mutanen Sabuwa an yi musu shiru ba da sonsu ba. Mu kuwa muna da zaɓi a hannunmu, sai mu yi amfani da shi.