Ciwon Bayan Da Ba A Kwana Da Shi



Kowa ya san ciwon baya. Manomi ya yini sunkuye da hauya, mace ta sha daka, da dare baya ya ƙage, in an huta ya sake. Wannan gajiya ce. Yau maganarmu a kan wani ne dabam, wanda yakan kwantar da ƙato cikin 'yan kwanaki.

Cikin ƙashin baya akwai rami kamar bututu, tun daga wuya har ƙugu. A nan laka take kwance, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga ƙafafu da mafitsara da hanji. Wani lokaci ƙwayoyin cuta sukan shiga ramin nan su tara mugunya, watau ɗiwa. Marurun fata yana da wurin kumbura, har ya fashe. Wannan kuwa ƙashi ya kewaye shi, ba inda za shi sai ya danne laka.

Galibi jini ne ke kai ƙwayoyin, daga maruru, ko gyambo, ko allura marar tsabta, ko askar da ba a dafa ba. Cikin masu ciwon nan 3, wajen 2 ƙwayar maruru ce ta kama su. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya ya tara mugunya, har ya fid da doro, amma shi a hankali yake tafiya. Masu ciwon sukari da masu ƙanjamau sun fi saurin kamuwa.

A shekarar 1948 wani likitan Amurka, Heusner, ya bayyana matakansa huɗu. Na fari, baya ya yi ciwo wuri ɗaya, ko taɓawa ba a so, kwanciya ba ta rage shi. Sau da yawa da zazzaɓi, amma ba kullum ba. Na biyu, zogi ya riƙa harbawa zuwa ƙafa, ko ya ɗaure ciki kamar ɗamara. Na uku, ƙafafu su yi nauyi, su dinga mutuwa, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba a sani ba. Na huɗu, ƙafafu su shanye.

To, ga abin lura. Daga na uku zuwa na huɗu wani sa'i yini ɗaya ne. In shanyewa ta wuce awa 24 zuwa 36, da wuya ƙafafun su komo.

Saboda haka kada a tsaya yin ƙaho ko sakiya, mugunyar tana can inda ƙaho ba ya kaiwa. Kada kuma a ce aikin iska ne. A zo ɗakin shan magani, a gaya wa malamin asibiti kome, har zancen fitsari, ban da kunya. Daga Zurmi ko Shinkafi, ta Ƙaura Namoda ake bi zuwa Asibitin Tarayya na Gusau. In aiki ya kama, akwai likitocin laka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Hoton MRI ke nuna mugunyar, a tsaga a fitar, kana a yi magani wajen mako 6. Na tarin fuka wata 12 ne, kuma gwamnati ke ba da shi kyauta. Ko an ji sauƙi kada a bari sai likita ya ce.

Da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.