Jawabin Shugaban Kwamitin Amintattu a Bikin Yaye Ɗaliban Fasaha da Sana'o'in Hannu, Zariya

 

Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, wakilan gwamnati, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Sarkin Makafi da sauran shugabannin masu buƙata ta musamman, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata, 'ya'yana ɗalibai da muke yayewa yau, jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ke da takardar naira 20 a aljihu, ina roƙonsa ya fito da ita ya duba bayanta. Matar da kuke gani tana gina tulu, Ladi Kwali ce, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta iya ginin tukwane, har Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana ajiye aikinta a fadarsa, a garin da yau muke kira Suleja. A nan wani Bature ma'aikacin gwamnati, Michael Cardew, ya ga tulunanta. Da aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin da kuɗin hukuma, ita ce mace ta farko da ta shiga, a 1954. Hannun nata ne, basirar ma tata ce, da su ta zo. Abin da kuɗin hukuma ya ƙara mata shi ne tanderu mai zafin gaske, da wurin aiki, da albashi, da hanyar da ta kai ta Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan garin ta ba ta digirin girmamawa. Mata nawa ne a ƙauyukan da ke kewaye da garinsu Kwali suka iya yumɓu kamar ta, suka rayu suka mutu babu wanda ya buɗe musu ƙofa? Allah kaɗai ya san yawansu.

Mu mutanen Zazzau ba sai mun je nesa ba. Alhaji Aliyu Namangi makaho ne tun yana yaro, amma waƙarsa ta Imfiraji ta shiga gidajen da masu ido ba su taɓa takawa ba. An buga ta a nan Zariya, aka yi ta karanta ta a makarantu, makafi 'yan uwansa suka haddace ta suna rerawa a kasuwanni da tashoshi. Ba don an sami waɗanda suka rubuta daga bakinsa, da maɗaba'ar da ta ɗauki nauyin bugawa ba, da yawancin baitocin sun bi shi kabari.

Kakanninmu suna da tasu hanyar riƙe mai fasaha. Sarki yana da makaɗansa, mahauta da maƙera da manoma kowa da nasa, attajiri yana ba da riga da doki. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi, har ya girma ya ɗauki kuntigi duniya ta san shi. Wannan alheri ne, kuma ba za mu manta da shi ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gaban iyayenmu sarakuna, cikin ladabi: riƙon nan yana tafe da ƙasƙanci. Mun kira su maroƙa. Mun yi musu liƙi a wurin biki, washegari kuma muka hana 'ya'yansu auren 'ya'yanmu. Abincin mai fasaha ya rataya a kan farin cikin mai kyauta, ranar da ransa ya ɓaci, gidan makaɗi a kwana da yunwa.

Zamani ya zo da nasa tsarin. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don harkar fim. A 2019 Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka fito da rance ga masu fim da waƙa da ɗinki da fasahar kwamfuta. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da fasaha da al'adu. Ina yaba wa duk wannan. Amma rancen banki yana neman kamfani mai rajista, da tsarin kasuwanci a rubuce da Turanci, da mai tsaya maka. Ku dubi waɗanda ke zaune a layin gaba. Bazawarar da ke ɗinkin hula a ɗaka, da almajirin da ya iya zayyana, da kurman da ke ɗaukar hoto, wane ne a cikinsu zai tsallake waɗannan sharuɗɗan? Kuɗin yakan tsaya a hannun wanda dama yana da hanya.

Shi ya sa nake so in gaya wa waɗanda suka ba mu dukiyarsu inda ta tafi, don amana ce. Mun sayi zare da fata da baba da kyamara, wannan kowa zai yi zato. Abin da ya fi cin kuɗi, kuma ya fi amfani, wasu ƙananan abubuwa ne da ba a sa su a allon talla. Kuɗin mota ne, domin a makonnin farko mun ga kujeru suna zama babu kowa, da muka bi sawu sai muka tarar ba lalaci ba ne, kuɗin zuwa da komowa ne babu. Abincin rana ne, domin yaron da zai fita bara da azahar ba zai zauna a aji ba sai an ɗauke masa wannan damuwar. Mai fassara da hannu ne, wanda ya tsaya kusa da malami kullum saboda kurame. Ɗaki ne guda da tabarmi da wata dattijuwa mai kula da yara, don uwa ta sami sakin hannu ta riƙe allura. Sai gangaren siminti da muka zuba a bakin ƙofa, wanda dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a, amma har yau sai ka zaga gari kafin ka ga guda. Ranar da wata ɗalibarmu ta shigo aji a kan kekenta ba tare da an ɗauke ta ba, na ga malaminta ya juya yana share ido.

Na san akwai mai cewa, asibiti babu magani, makaranta babu rufi, ku kuna maganar rini da waƙa. Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce, waɗannan da muke yayewa su ne waɗanda makaranta ta riga ta wuce, ofis kuma ba zai kira su ba. Marina da dukanci da ɗakin ɗaukar murya ba sa tambayar takardar shaida, aikin hannunka suke dubawa. Ga wanda duk ƙofofi suka rufe masa, wannan ce ta rage a buɗe. Kuma mutumin da jiya ake miƙa masa sadaka ta tagar mota, idan yau aka tsaya ana taya jakar da ya ɗinka, zamansa a unguwa ya sake, har a sahun masu magana.

Ƙasar Barazil ta gwada wata dabara tun 2004, lokacin da mawaƙi Gilberto Gil yake ministan al'adu. Maimakon gina manyan zaure a birane, sai gwamnati ta nemo ƙungiyoyin da dama suke aiki a unguwannin talakawa da ƙauyuka, ta ba su kuɗi da kayan aiki kai tsaye. Roƙona ga wakilan gwamnati ke nan. Masu aikin suna nan a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin ganuwa, ba sai an ƙirƙiro su ba. A sa musu kaso a kasafin kuɗi kowace shekara, a kuma sake shi a kan lokaci, a karɓi takardar neman tallafi da Hausa, da boko ko da ajami, har da ta baki ga wanda ba ya gani. Attajiranmu kuma, Allah ya ƙara buɗi, abin da kuke liƙawa a dare ɗaya na biki zai riƙe ɗalibi har ya gama. Ku kuma sayi kayansu da farashin da ya dace, ba don tausayi ba.

'Ya'yana ɗalibai, kayan aikin da za a miƙa muku yanzu jari ne, kada a gan su a kasuwa gobe. Kowannenku ya yi mana alkawarin zai ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, kuma za mu zo har gida mu gani. Iyaye da mazaje da suka ba da izini, Allah ya saka muku da alheri. Malamai, Allah ya biya ku.

Yanzu ina roƙon wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe, ka taso ka miƙa takardun shaida. Za mu fara da ajin masu rini, kuma mai fassara zai tsaya a gefen dama don kowa ya san lokacin da aka kira sunansa.